Land Rover 109 da ta shekara 15 a ajiye: ta ina za a fara tayar da ita?

Tambaya: Akwai wata tsohuwar Land Rover doguwa, 109, mai injin fetur, a gidan kawuna. Ta kai shekara 15 ba ta motsa ba, yanzu an bar mini ita. Ba haya zan sa ta ba, sha'awa ce kawai, ina so in riƙa gyaranta a hankali ranakun hutu. Bakanike ya ce a cire injin a sa na Toyota, sannan a kai ta fenti. Ta ina ya kamata in fara?

Amsa: Malam, Allah ya sanya alheri. Injin da fentin da bakanikenka ya fara ambata su ne na ƙarshe a layi. Kafin ka kashe ko kwabo, ka nemi guduma ƙarama da tocila da tabarma, ka shiga ƙarƙashinta, domin shasi ne zai gaya maka ko motar ta cancanci wahalarka.

Dalili shi ne bodin waɗannan motoci na alminiyom ne, ba ya tsatsa, don haka mota za ta iya yi maka kyan ɗan maciji: daga waje lafiya lau, alhali ƙarfen da ke ɗauke da ita ya gama ci. Shasin da bangon gaba, wato bangon da ya raba injin da direba wanda gilashi da sitiyari da ƙofofi suke rataye a jikinsa, su ne na baƙin ƙarfe, haka ma firam ɗin cikin ƙofofi. Ka bi shasin kana ƙwanƙwasawa taku bayan taku. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi, wanda ya ruɓe kuwa sai ka ji bus, ko kan gudumar ya lotsa shi. Inda ya fi ci shi ne ƙarfen giciye na can baya inda ake ɗaura abin ja, da hannayen da suka fito gefe suna tallafe da bodi, musamman biyun da bangon gaba ke zaune a kansu, da ƙahonin gaba inda bamba take, da duk inda sifirin ya rataya. A ƙasarmu ta Arewa tsatsar ba ta kai ta Ingila ba, inda gishirin da ake zuba wa titi lokacin sanyi ke cinye su. Namu ciwon daban ne. Laka da yashi suna cika cikin shasin, tunda akwati ne rufaffe, su riƙe damshin damina wata da watanni, su ci shi daga ciki. Ruwan batir yana ɗiga ya cinye ƙarfen da ke ƙarƙashinsa. Lodi fiye da ƙima a kan hanya mai gargada kuma yana tsaga shi kusa da marataya sifirin na baya. Duk inda ka ga an lafta faci an shafe da baƙin fenti, ka kankare ka ga abin da aka ɓoye.

Sai ka ɗauko tef ka auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, hagu da dama. Inci 109 ne, wato milimita 2768, kuma ɓangarorin biyu su zo daidai ko kusa da haka. Ka kuma auna a karkace, daga kusurwar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, sannan akasin haka. Idan awo biyun suka saɓa sosai, motar ta taɓa yin hatsari shasin ya murɗe, kuma irin wannan ba ta daina cin taya da janyewa gefe guda.

Lambar shasi tana kan wani ɗan faranti a jikin bangon gaba, an kuma buga ta a jikin marataya sifirin gaba na hannun dama. Ka kankare wurin ka tabbatar ta yi daidai da takardu. Da yawan waɗannan motoci daga gwanjon ma'aikatun gona da daji da lafiya da 'yan sanda suka fito, don haka rasit ɗin gwanjo yana da amfani ranar da za ka sabunta lamba. Da lambar ce kuma za ka san samfurinta. Idan ragar gabanta ta roba ce kuma agogunan suna gaban direba, Series III ce, wadda aka yi daga 1971 zuwa 1985, wasu ma a Ibadan kamfanin Leyland ya harhaɗa su. Idan ragar ta ƙarfe ce, agogunan a tsakiya, Series IIA ce ko wadda ta girme ta. Ka lura da ɓangaren da sitiyari yake. Najeriya ta koma bin hannun dama na titi ranar 2 ga Afrilu 1972, saboda haka waɗanda suka girmi wannan rana yawanci sitiyarinsu a dama yake, kuma hukumar kiyaye haɗurra ba ta yarda da irinsu a titi. Ko da taka mai sitiyarin hagu ce, ka riƙa faɗa duk sanda za ka yi odar kaya daga Ingila, domin akwatin sitiyari da bututun birki da wayar totur ba iri ɗaya ba ne.

Idan ruɓewar a wuri biyu ko uku take, a gyara. Ƙa'idar ita ce a yanke ruɓaɓɓen har sai an kai ƙarfe mai haske, a yanko sabon faranti mai kaurin milimita 2 zuwa 2.5 daidai ramin, a haɗa baki da baki. Ɗora faci a kan tsatsa ɓata kuɗi ne, ruwa zai shiga tsakaninsu ya ci gaba da aikinsa. Waldar lantarki da siririn sanda da wuta kaɗan ta fi waldar kabaid a nan, don ita kabaid tana gasa wuri mai faɗi ta lanƙwasa ƙarfen. A cire batir, a zare wayoyin altaneta, a sauke tankin mai a kai shi nesa, kuma a tuna cewa wayoyin fitilun baya ta cikin shasin suka bi. Hannayen gefe a sauya su ɗaya bayan ɗaya bodi yana zaune a wurinsa, shi ne ma'auninka. Idan kuwa dogayen ƙarafan biyu da kansu sun zama rariya, a daina batun faci. Akwai kamfanoni a Ingila irin su Richards Chassis da ke ƙera sabon shasi da aka tsoma a ruwan zinki, amma kuɗin jirgi da kwastan zai iya fin kuɗin motar, don haka mafi sauƙi a nemi wata matacciyar 109 mai lafiyayyen shasi kafin 'yan gwangwan su yanka ta. Bangon gaba kuma yakan ci a wurin ajiye ƙafa, da ginshiƙan da ƙofofi ke rataye, da kusurwoyin sama ƙarƙashin gilashi. Ƙarfensa siriri ne, sai an ɗaure shi da sanduna kafin a yanka, in ba haka ba ƙofofi ba za su sake rufuwa daidai ba.

Abin da ya fi kashe irin wannan aiki shi ne mutum ya kwance motar gaba ɗaya cikin mako guda don zumuɗi, bayan wata shida ya rasa wane noti ne na ina. Ka ɗauki ɓangare ɗaya, ka yi hoto kafin ka taɓa, ka zuba notinansa a leda ka rubuta suna, ka gama shi, sannan ka matsa. Ka kuma sayi sifanu na inci, 7/16 da 1/2 da 9/16 su ne za ka fi ɗauka. Motar gauraye take: akasarinta zaren inci, jikin giya akwai tsohon zaren Ingila na Whitworth, injinan da aka yi daga wajen 1980 kuma na milimita. Sifana 13 a kan noti 1/2 tana kamawa kamar gaske, sai an ja da ƙarfi ta murje kan.

Yanzu injin. Yawanci mai silinda huɗu ne, cc 2286, kuma da wuya zama kaɗai ya kashe shi. Kada a sa batir a murɗa makulli. A cire fulogai huɗu, a zuba kamar cokali biyu na man gas ko man giyar otomatik a kowane rami, a bar shi kwana uku zuwa mako. Sannan a juya shi da hannu, da handul ɗin tayarwa ta ramin bamba ko da sifana a kan babban notin gaba. In ya ƙi, a ƙara mai a ƙara haƙuri, a riƙa ɗan motsa shi gaba da baya. Jan motar da wata mota a sakar mata kuloci shi ke karya ringi ya lanƙwasa sandunan bawul. A buɗe murfin sama a ga kowane bawul yana sauka yana dawowa. A zubar da tsohon baƙin mai, a sauya filta, a zuba 20W-50, lita 6.85 har da na filta. Tsohon fetur ya riga ya zama danƙo, don haka a fara tayarwar da galan a gefe da tiyo zuwa famfon mai, wanda yake da ɗan kofin gilashi da hannun bugawa a ƙasansa. A juya injin da kik babu fulogai har fitilar mai ta mutu, sannan a mayar da su.

Awon da za ka buƙata kaɗan ne. Tazarar bawul milimita 0.25, na shiga da na fita, da zafi ko da sanyi. Bakin kontak 0.36 zuwa 0.40. Bakin fulogi 0.75 zuwa 0.80. Jerin wuta 1-3-4-2. Idan ya tashi ya yi zafi, a auna matsin kowace silinda. Lafiyayye yakan ba da psi 145 zuwa 170, gwargwadon ko kan injin mai matsi 7:1 ne ko 8:1, amma daidaituwar huɗun ta fi adadin muhimmanci. In ɗaya ta faɗi ƙasa sosai, a zuba mata cokalin mai a sake aunawa: in ta tashi, ringi ne, in ba ta tashi ba, bawul ne, in biyu maƙwabta suka faɗi tare, gasket ya ƙone a tsakaninsu. Manyan notinan kan injin fetur da ƙarfin ɗauri Nm 89 ake ɗaure su, daga tsakiya zuwa waje. In har an sauke kan, a sa masa mazaunin bawul masu tauri a ɓangaren hayaƙi, domin an ƙera shi ne lokacin fetur mai dalma. Kafireton Zenith 36IV yana da hali guda sananne: fuskar da rabinsa na sama da na ƙasa suke haɗuwa tana lanƙwashewa, sai ya riƙa shan mai da baƙin hayaƙi, kuma sukurun saiti ya daina tasiri. Ana shimfiɗa takardar yashi mai laushi a kan gilashi a goge fuskokin har su kwanta, a sauya zoben robar da ke ciki.

Kada ka yarda a cire maka tamostat da sunan ƙasarmu da zafi. Na wannan injin yana da ɗan siket da ke toshe gajeriyar hanyar ruwa idan ya buɗe, in babu shi wani kaso na ruwan zai riƙa zagayawa bai shiga lagireto ba. Ka sa mai buɗewa a digiri 74, a kai lagireto a buɗe shi a zure bututunsa, a sauya tiyo duka da ƙananan murafan da ke jikin bulok, a daina zuba masa ruwan rijiya tsura. Matatar iskarta mai wankan mai ce, kuma a ƙurar hunturu ta fi ta takarda. Wankewa kawai take so da kananzir, a zuba sabon mai zuwa layin da aka zana.

Game da sa injin Toyota, ra'ayina a bar shi. Injin asali ƙarfinsa doki 70 da 'yan kai ne, giya da aksil da birki duk an auna su ne a kan haka. Ko injin 200Tdi na kamfanin Land Rover kansa, wanda ke da sauƙin zama a wurin, yana gajiyar da giyar in direba mai nauyin ƙafa ne. Baƙon inji kuwa sai an ƙera farantin haɗi, a yanka marataya, a sauya salansa da lagireto, kuma in farantin ya kauce ko da kaɗan, kuloci da boris ɗin giya ba za su yi ƙarko ba. Wanda ya ɗauki aikin don sha'awa, injin asali shi ne rabin darajar motar. Ka dai san abin da za ka samu: tafiyar kilomita 70 zuwa 80 a awa, lita ɗaya kilomita 6 zuwa 7.

Da zarar ka ji muryar injin, ka kashe shi ka koma birki, kada ka fita ko ƙofar gida. Bayan shekara 15 babu robar da za a amince da ita. A sauya masta, da silindojin taya guda shida (bibbiyu a kowace tayar gaba, ɗai-ɗai a baya), da tiyon roba guda uku, da duk bututun da ya yi tsatsa. Man birki DOT 4 kaɗai. Man inji ko na otomatik yana kumbura robobin, ruwan omo da ake zubawa a hanya kuwa yana cinye silinda. Durom ɗin 109 inci 11 ne, kuma wurin fitar da iska yana wahalar da ko tsofaffin bakanikai, saboda a tayoyin gaba bakin fitar da iskar yana jikin silindar ƙasa, ita kuwa iska sama take taruwa. Dabarar ita ce a sassauta saitin takalman birkin gaba ɗaya, a matse fistocin ciki da maƙata yadda iska ba ta da wurin ɓuya, a fitar, sannan a saita kowane takalmi har ya kama durom a dawo da shi baya kaɗan. In feda ta ci gaba da nutsewa, a matse tiyo ukun, feda za ta yi tauri, sai a riƙa saki ɗaya bayan ɗaya har a gano ƙafar da ke da matsala. Sau da yawa ma ba iska ba ce: takalma biyun da ke cikin kowace tayar baya ta 109 ba iri ɗaya ba ne, ƙusar saitin na gaba da na baya ba wuri ɗaya take ba, in aka juya su feda ba za ta taɓa tsayawa sama ba. Idan ka tarar takalman sun jiƙe da man giya, ka duba ɗan bututun numfashi da ke saman aksil. In ya toshe, zafi ne ke tura mai ta oyil sil. Boris ɗin taya ana saita shi da soket 52, a bar masa wasan milimita 0.05 zuwa 0.10. Birkin hannu kuma a bayan giyar taimako yake, wato akwatin da ke raba ƙarfi zuwa aksil ɗin gaba da na baya, yana kama farfela, don haka kada a ja shi mota tana tafiya, kuma in an ɗaga tayar baya ɗaya da jak, sai an sa wa sauran waigi.

Sitiyarin da ke yawo ba halin motar ba ne kamar yadda ake cewa, sassa ne suka gaji. Ka sa wani ya riƙa kaɗa sitiyari kana kallo daga ƙasa. Akwai kawunan tayarod guda shida, da akwatin sitiyari, da wata 'yar sanda mai juyawa da aka dasa a cikin ƙarfen giciye na gaba. Ita wannan 'yar sanda, mai take sha, kuma kusan kowa yana mantawa da ita har ta bushe. A cire ƙananan notinan samanta biyu a ɗiga mata man giya ta rami ɗaya, iska na fita ta ɗayan. Kada ka buɗe cikinta a gida, akwai sifirin mai ƙarfi a matse wanda zai iya fasa fuska. Manyan ƙwallayen da tayoyin gaba ke juyawa a kansu, in sun yi ramukan tsatsa, za su yaga sil su zubar da mai. A ɗaga taya a girgiza ta sama da ƙasa, wani ya taka birki: in wasan ya ɓace, boris ne, in yana nan, fin ɗin saman ƙwallon ne, ana rage siraran faranti da ke ƙarƙashinsa. Gaban tayoyin ya tsuke da milimita 1.2 zuwa 2.4. Sifirin kuma a kwance shi ganye-ganye a goge, a sauya bushin, kada a ɗaure notinan marataya sai motar ta sauka a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage cikin 'yan watanni. Na ɓangaren direba ya fi lanƙwasa, kada a musanya su.

Man giya EP90 ne mai lambar GL-4, domin akwai tagulla a cikin giyar. Babbar giya lita 1.5, giyar taimako 2.5, aksil ɗin gaba 1.75, na baya irin Salisbury da ke kan 109 Series III kimanin 2.5, kowane ƙwallon gaba rabin lita. In ka ga babbar giya tana ƙafewa ta taimako tana ambaliya, sil ɗin tsakaninsu ne. A gefen direba kuma, sanda mai rawayan kai in an danna ta ƙasa tana haɗa tayoyi huɗu, mai jan kai in an ja ta baya tana ba da ƙaramar giya. Don sakin rawayar, a tsaya, a ja jar baya a mayar da ita gaba. Motar ba ta da abin raba gudu tsakanin aksil biyu, saboda haka tafiya da taya huɗu a kan kwalta tana murɗe farfela ta karya sanda. Tayoyi huɗun su zama girma ɗaya, 7.50x16.

Wayarin, in rana da ɓeraye da masu jone-jone sun gama da shi, a sauya shi ɗungurungum, a kuma bi launukan Ingila don wanda zai gyara gobe: ruwan ƙasa wuta kai tsaye daga batir, fari bayan makulli, kore bayan makulli da fis, ja ƙananan fitilu, shuɗi manyan fitilu, baƙi kuma at, wato wayar da ke komawa jikin shasi. Tunda bodin guntu-guntu ne da aka ɗaure da noti, yawancin fitilun da ke wasa rashin at ne, a ja wa kowace fitila baƙar waya zuwa shasi. Kaya kuwa, ana dacewa da tsofaffi na asali a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna da Ladipo a Legas. Amma kayan birki da sil da boris, sababbi masu suna za ka saya.

Fenti sai duk wannan ya kammala ka yi 'yan watanni kana hawanta, don a lokacin ne yoyo zai nuna kansa. Fanalbitan da ya saba da baƙin ƙarfe ya sassauta hannu: alminiyom yana taurara in ana dukansa har ya tsage. Ana shafa sabulu a wurin, a gasa a hankali har sabulun ya yi baƙi, a bar shi ya huce, sai ya yi laushi. Kada a wanke shi da soda, tana cin sa, kada kuma a feshe shi da yashi mai ƙarfi. Sai an fara fesa share fage mai kama alminiyom kafin fenti, in ba haka ba zai ɓare. Duk inda alminiyom ya taɓa baƙin ƙarfe a raba su da roba ko fenti mai kauri, nan ne farin garin nan ke fitowa ya huda bodi. In tana da rufi mai hawa biyu, ka riƙe shi, iskar da ke bi tsakaninsu tana rage zafin rana sosai. Wajen zaɓen launi kuma ka yi hattara da koren nan mai duhu da aka san Land Rover da shi, domin akwai doka a Najeriya da ta hana farar hula hawa mota mai launin koren soja. Marine Blue ko Limestone ko Pastel Green duk launukan kamfanin ne na wancan zamani, kuma babu wanda zai tsayar da kai a shinge saboda su.